Zan je Kanada da ɗana ba tare da babansa ba, wace takarda zan riƙe?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema don Allah. A watan Disamba zan kai wa ƙanwata ziyara a Toronto tare da ɗana mai shekara 6. Maigida ya amince, amma aiki ba zai bar shi ya bi mu ba. An ce mini sai da takardar amincewarsa. Me ake rubutawa a ciki, kuma a ina ake buga mata hatimi? Sannan sunan ƙarshe a fasfona na mahaifina ne, na yaron kuma na babansa. Wannan zai kawo cikas?

Barista:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Abu huɗu hukumar shige da ficen Kanada take so a gani idan yaro ya zo da ɗaya daga cikin iyayensa: fasfon yaron na kansa, kwafin takardar haihuwarsa, wasiƙar izini da wanda bai zo ba ya sa wa hannu, sai kwafin fasfonsa ko katin shaidarsa mai ɗauke da sa hannun. Kada ki dogara da farar takardar NIN, ba ta da sa hannu, jami'i ba shi da abin da zai gwada da na wasiƙar.

A rubuta wasiƙar da Turanci ko Faransanci. A sa cikakken sunan yaron yadda yake a fasfo, ranar haihuwarsa, lambar fasfonsa, sunanki da lambar naki, ranar tashi da ta dawowa, adireshin masauki, da ƙasar da za ku ya da zango. Adireshin uban da lambar wayarsa dole ne. Ya je da kansa gaban lauya mai lasisin notari, wato mai ikon tabbatar da sa hannu ya buga hatimi, ko kwamishinan rantsuwa a babbar kotu, ya sa hannu a can. Kanada ba ta wajabta hatimi ba, amma ni ba zan ba ki shawarar tafiya babu shi ba, domin wasiƙar da aka rubuta a gida kowa na iya ƙirƙira. Ita ma wadda aka ce “ko'ina, ko yaushe” ba ta da ƙarfi. Kowace tafiya da tata.

Anti:
Ƙanwata, bambancin suna ba laifi ba ne, mu dai mace ba ta sauke sunan mahaifinta don ta yi aure. Sai dai jami'in da ke gabanki fasfo biyu kawai yake gani, kuma babu inda fasfon yaro ya ambaci uwarsa. Takardar haihuwa ce take haɗa ku, ita ce kuma take nuna mai sa hannun nan shi ne uban. Ki nemi ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ba katin asibiti ba. Ki baje takardun yau ki bi su harafi da harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can, ko A'ishatu a takardar haihuwa alhali fasfo ya ce Aisha, wannan ne yake tsayar da mutane. In akwai saɓani, a yi takardar rantsuwa a kotu tun yanzu. Ki haɗa da takardar aure in kina da ita.

Alhaji:
Wuri uku za a iya tambayarki: teburin kamfanin jirgi, jami'an shige da ficenmu wajen fita saboda safarar yara, da iyakar Kanada. Don haka takardu na asali su zauna a jakar hannu, kada su shiga akwatin da za a auna. Ki loda kwafinsu tun wajen neman biza. Yaro ƙasa da shekara 14 ba a ɗaukar masa zanen yatsa, amma bizarsa daban take. Kuma a Disamba Najeriya tana gaban Toronto da awa 6. In kun sauka ƙarfe 5 na yamma, 11 na dare ne a gida. Maigida ya bar wayarsa a kunne, za a iya kiransa.

Wata 'yar uwa:
Barista, to idan an rabu fa, ko uban ya rasu?

Barista:
In ya rasu, kwafin takardar shaidar rasuwa ce take maye gurbin wasiƙar. In saki ne, takardar saki kaɗai ba ta isa ba, aure ta raba, ba ta faɗi wa ke riƙon yaro ba. Ana buƙatar hukuncin kotu kan riƙon. Idan ya ba uwa riƙo ita kaɗai, ita za ta sa hannu ta haɗa da kwafin hukuncin. Idan riƙon na tare ne, a nemi wasiƙar uban. Hukuncin kotun shari'a da aka rubuta da Hausa ko Larabci sai an fassara shi, mai fassarar ya yi takardar rantsuwa, a haɗa da kwafin na asali wanda aka tabbatar. In uban ya ƙi sa hannu, kotu za a koma a nemi izinin tafiyar, kada kowa ya sa hannu a madadinsa.