Na'urar maganin sauro ta soket: ta isa a naɗe gidan sauro?

Mai kemis, Auyo:
Assalamu alaikum jama'a. Maganar da ake ta yi a kasuwa na kawo mana: wai wanda ya jona na'urar maganin sauro mai 'yar kwalba ya huta da gidan sauro. Ni ina ganin haka ne, in dai ɗakin yana rufuwa. Kwalba mai mililita 45 ana rubuta mata dare 45 zuwa 60, a kan kunnawar awa 8. Maganin cikinta transfluthrin ne ko prallethrin, dangin wanda ake sa wa gidan sauron. Lagwani ya tsotso ruwan, hita ta gasa kansa, tururi ya gauraye ɗaki. Ba hayaƙi, ba toka, ba garwashin da zai kama katifa, ga kuma zafin gidan sauro da mutane ke kuka da shi an rabu da shi.

Mai haɗa sola, Haɗeja:
Wa alaikumus salam. Alhaji, kafin mu je kan magani mu fara da wuta. Na'urar tana cin wajen wat 5, ka ga awa 8 wat-awa 40 ke nan. Ba yawa. Amma ƙaramar inbata, ko ba a jona mata komai ba, tana iya shan wat 10 ko fiye. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 7 gaba ɗayansa wat-awa 84 ne, kuma ba a so a zuƙe fiye da rabinsa. Yi lissafi: kafin ƙarfe ɗaya na dare ya kwanta. Akwai masu aiki da USB, sun fi dacewa da ƙauye, sai dai fawa bank mai 10,000 da ƙyar yake kai su asuba.

Na biyu, in wutar layi ta zo ba ƙarfi. Masu kyau hitarsu ta tangaran ce mai daidaita zafinta da kanta. Masu araha waya ce kawai, in wuta ta sauko daga bolt 230 zuwa 160 zafinsu yana komawa kusan rabi. 'Yar fitilar tana ja, mai ɗaki ya ɗauka aiki take, alhali ruwan ba ya tashi. A taɓa saman bayan minti 15, in ba zafi sosai to ba abin da take yi.

Jami'ar lafiya, Kafin Hausa:
Abin da Injiniya ya faɗa shi ne tushen maganar. Sauron maleriya ya fi cizo daga tsakar dare zuwa asuba, daidai lokacin da batir ya mutu kowa yana barci. Gidan sauro ba ya jiran wuta. Sannan Alhaji ya ce "in ɗaki yana rufuwa". Ɗakuna nawa ne a ƙauyukanmu suke rufuwa? Tsakanin bango da kwano a buɗe yake, ƙofa labule ne ko asabari, taga ba raga. Tururin yana fita ta nan, sabon sauro yana shigowa ta nan. Da zafi kuwa tsakar gida ake kwana, a can na'urar ba ta da wani amfani. Mai ciki da yaro ɗan ƙasa da shekara 5, don Allah kada a ce musu su naɗe gidan sauro saboda kwalba.

Mai kemis, Auyo:
Hajiya, ai mutane da yawa ba sa shiga gidan sauron. Na hayaƙi suke kunnawa a ƙarƙashin gado. Da shi nake gwada ta.

Malamin kimiyya, Bunkure:
A nan kam Alhaji yana da hujja. Wani bincike da aka buga a 2003 ya auna hayaƙin maganin sauro mai murɗe, ya ce ƙurar hayaƙin guda ɗaya tana kai ta sigari 75 zuwa 137. Yawancin hayaƙin ba maganin ba ne, garin katako ne da abin da aka cuɗa shi da shi. Dalilin ƙirƙiro ta lantarki ke nan tun farko. Kamfanin Fumakilla na Japan ya fito da mai 'yar takarda a 1963, wadda ake ɗorawa a kan hita, shuɗinta yana koɗewa yayin da maganin ke ƙarewa. Aibinta shi ne farkon dare maganin ya fita da yawa, kusa da asuba ya rage kaɗan. Mai kwalba da lagwani ta zo daga baya don ta gyara wannan, fitar ta zama daidai dare duka.

Ga kuma sabon abu: a watan Agustan 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wani nau'i da ba ya son wuta ko kaɗan. Falle ne mai transfluthrin da ake rataye shi a bango, iska ce ke ɗaukar maganin. Wani yana wata ɗaya, wani har shekara. Gwajin da aka yi a Busia ta ƙasar Kenya ya nuna kamuwa da maleriya ta ragu da wajen kashi ɗaya cikin uku.

Mai kemis, Auyo:
To ga shi nan, Malam. Magani ɗaya ne da na cikin kwalbar.

Jami'ar lafiya, Kafin Hausa:
Alhaji, a Busia mutanen suna cikin gidan sauronsu aka ƙara musu fallen. Hukumar ma ƙari ta ce, a inda ake amfani da gidan sauro, kuma ba na'urar soket ta ambata ba. Kada mu manta Auyo da Bunkure suna cikin wuraren da masu bincike suka kama sauro suka tarar yana jure wa wannan dangin magani, saboda feshin da ake yi wa shinkafa da kayan lambu. In magani ya gaza, ragar gidan sauro tana nan tana tarewa.

Malamin kimiyya, Bunkure:
Gaskiya ne, sai dai ginin transfluthrin ya ɗan bambanta, jikin sauro bai cika narkar da shi kamar sauran ba, kuma korewa da hana cizo daban suke da kashewa. Ban yarda a ce ba ta da amfani a nan ba.

Mai turaren wuta, Ringim:
Malamai ku yi haƙuri in sako wata. Mata suna ɗora 'yar takardar a kaskon turare na lantarki. Kaskon ya fi hitar takardar zafi nesa ba kusa ba, sai ta ƙone cikin mintuna, ɗaki ya cika da ƙauri, dare bai raba ba magani ya ƙare. Wasu kuma in kwalba ta ƙare sai su ɗura humra ko turaren mai. Mai yana toshe lagwanin, ya yi baƙi ya daskare, shi ke nan.

Mai haɗa sola, Haɗeja:
Wanda ya fi haɗari shi ne masu ɗura fiya-fiya. Dichlorvos ne, maganin ƙwarin gona, ba a yi shi don a gasa a ɗakin kwana ba. Alamar ya kama mutum: dalalar miyau, hawaye, amai, ƙirji ya riƙe. A fitar da shi iska, a tafi asibiti nan take. Sannan kwalba a tsaye take aiki. In soket ɗin a kwance yake, ruwa zai zubo kan hita. Kada a jona ta bayan labule ko kusa da kan jariri, a bar tazarar mita ɗaya ko biyu daga gado, a kunna rabin awa kafin a kwanta.

Mai kemis, Auyo:
Taga fa? Ni cewa nake a rufe, in ba haka ba asarar magani ce.

Jami'ar lafiya, Kafin Hausa:
A rufe rabin awar farko kafin kowa ya shiga, sannan a ɗan buɗe. Ɗakin da mutum shida ke kwana, ko akwai mai asma, ba a toshe shi ruf. Wanda ke son rage asara ya sa wa tagar raga, ya cike tsakanin bango da kwano da laka.