Wane ruwa kuke ba macizanku?

Mai Mesa, Tudun Wada, Gusau

Assalamu alaikum. Ina da 'yar mesa, irin ƙaramar nan da ke dunƙulewa kamar gammo idan ta tsorata, shekara biyu ke nan tana hannuna. Famfon unguwarmu sai ya ga dama yake zuwa, don haka yawanci daga 'yan garuwa nake saye. Makon jiya famfo ya kawo, ruwan yana ta warin magani, na cika mata kasko. Kwana uku ina lura, sai ta zo bakin kaskon ta fiddo harshe sau biyu uku, ta juya. Ga shi saɓar da ta yi a farkon hunturun nan gutsi-gutsi ta fita, har yanzu akwai saura a wutsiya. Hankalina bai kwanta ba. Don Allah duk mai riƙon maciji ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa.

Tsohon Gardi, Talata Mafara

Wa alaikumus salam. Jikana ne ke rubuta mani. Yaro, sana'ar ga gadonta munka yi, kuma tun ina ɗaukar wa mahaifina akwati ban ga ya ba su wani abu ba sai ruwan rijiyar gida, wanda ya kwana cikin randa. Abin da munka sha shi sunka sha.

Masu cewa maciji iska yake sha da raɓa, ba su taɓa zama kusa da shi ba. Ka fito bayan isha'i da fitila mai raunin haske ka yi shiru. Zai tsoma baki cikin ruwa, harshe bai aiki, sai dai ka ga gefen muƙamuƙi yana motsi a hankali kamar mai zuƙa, wuya yana amsawa. Wani lokaci ya daɗe haka kafin ya ɗaga kai. Kila taka tana sha da dare kai kana barci. Ka sa alama da gawayi a cikin kaskon ka duba da safe.

Abin da nake jan kunnenka a kai shi ne ruwan gona. Wata shekara muna dawowa daga wasa, rana ta yi zafi, na ɗebo ruwa a ƙaramar hanyar ruwa ta fadamar Bakolori na ba wata gamsheƙa da ta shekara bakwai tare da ni. Ashe da safen nan anka yi feshi a gonar shinkafar da ke gefe, har sun wanke tankin feshin a wurin. Kafin magariba ta fara karkarwa tana juya ciki sama. Ba ta kwana ba. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, don da hannuna na miƙa mata. Nono kuma da wasu ke zuba masu, ku bari. Cikinsu bai narka shi.

Mai Mesa

Allah ya ƙara girma, Baba. Yau zan sa alamar.

Ɗan Anka

Allah ya saka wa Baba. Sai dai maganar rijiya ba ko'ina ba. Mu nan mun ga abin da dalma ta yi a 2010, a Dareta da Abare da Bagega, da 'Yar Galma ta wajen Bukkuyum. Yara fiye da 400 suka rasu. Dutsen zinare mai ɗauke da dalma ake kawowa cikin gida ana daka ana niƙa, ana wankewa a bakin kududdufi, ƙurar ta bi ƙasa ta bi ruwa. Kuma kafin a gane abin da ke kashe yara, agwagi ne suka fara ƙarewa a garuruwan, ba wanda ya kawo komai a ransa sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka zo suka auna jini.

Tun daga nan na daina yarda da ido. Ruwa mai dalma garau yake, ba wari ba ɗanɗano, kuma tafasawa ba ta fitar da ita, ruwan ne ma ke raguwa ita tana nan. Mesata babba ce, ta kusa taku tara, bahon roba take shiga. Daga bohol mai nisa da wurin masu wankin zinare nake ɗauko mata a kan babur, inda nake ɗauko na iyalina. Wahala ce, amma wanda ya ga ƙananan kaburburan nan ba zai kira ta wahala ba.

Uwargida, Ƙaura Namoda

Ni ba tawa ba ce, ta maigida ce, amma da yake direba ne ni ke kula da ita in ya yi tafiya. Da farko ko ɗakin ba na shiga. Kuskuren da na yi na tsafta ne. Ta yi kashi a ruwanta, kun san halinsu, sai na wanke tasar da maganin nan mai warin asibiti da ke mayar da ruwa fari kamar madara, na ɗauraye sau ɗaya na zuba sabo. Washegari na tarar da ita tana buɗe baki, yawu yana dalala, ta lafe a kusurwa mafi nisa da tasar. Da maigida ya dawo ya shinshina tasar, bai ce komai ba, ya jefar da ita. Allah ya taimaka ta warware bayan kamar mako guda. Yanzu ruwan zafi da ɗan sabulu kawai, in ɗauraye sau uku, in kife a rana.

Kuma Malam na Gusau, ka dubi jarkokin mai garuwarka. Na taɓa sayen ruwa na ji yana warin kalanzir.

Likitan Dabbobi, Gusau

Hajiya, wannan maganin da ire-irensa guba ne ga masu jan ciki, ko a kejinsu kar ya je. Haka fiya-fiya da maganin sauro na feshi: in za a fesa ɗaki, a fitar da ita da kaskonta gaba ɗaya.

Ƙanena mai tambaya, warin da ka ji na kulorin ne da ake zubawa a matatar ruwa don kashe ƙwayoyin cuta. Gwargwadon da mutum ke sha ba ya kashe maciji, amma in ya yi ƙarfi ka zuba a bokiti ka bar shi a buɗe kwana ɗaya, yawancinsa zai tashi. Ka ga hikimar randar Baba ke nan. Na fi jin tsoron ruwan garuwa da ba ka san inda aka ɗebo ba. Shi ka tafasa, ya huce sarai, sannan ka ba ta. Na taɓa zuwa duba wata mesa na tarar mai ita yana saya mata tataccen ruwan nan da ake ƙara wa batir (ba asid ba), wai shi ne mafi tsabta. An cire masa duk ma'adinan da jiki ke buƙata, ba na sha ba ne. Ruwan sanyi na firji ma a'a, jikinsu zafin wurin da suke yake bi.

Saɓar da ta kakkarye kuwa aikin hunturu ne, iska ta bushe. Ka nemi kasko mai nauyi da faɗi wanda za ta iya shiga duka ba tare da ta kifar ba, ruwan kar ya wuce rabin kaurin jikinta in za ka jiƙa ta. Minti 20 a ruwa mai ɗumi kaɗan, sannan ka bar ta ta ratsa ta cikin jiƙaƙƙen tawul. Ragowar wutsiyar nan kar ka yi wasa da ita, tana iya shaƙe jini har ƙarshen ya mutu. In kuma ka ga ta tare a ruwa dare da rana, duba ƙasan kaskon. Ɗige-ɗige baƙaƙe kamar garin masoro ƙananan ƙwari ne masu shan jini, su take gudu.

Hajiya, abu ɗaya da ya shafe ki: kashin macizai yana ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa zawo da zazzaɓi, kuma ta fi kama yara 'yan ƙasa da shekara 5. Kar a wanke tasar a inda ake wanke-wanke, kar a haɗa soso.

Uwargida

Innalillahi! Likita, a wuri ɗaya nake wankewa da kwanonin yara. Daga yau an raba.

Ɗan Tsafe

Ni fiya wata nake fasa wa tawa, leda biyu kullum, shekara uku ban ga komai ba. Sai dai ina zaɓen wanda bai sha rana a bakin titi ba, don wani in ka sha sai ka ji ɗanɗanon leda. Kuma kullum nake canzawa, ko ta sha ko ba ta sha ba. Da damina in ruwa ya kwana uku har 'ya'yan sauro za ka gani suna wutsil-wutsil a ciki.

Mai Mesa

Na dawo da labari. Na bar ruwan famfon ya kwana a bokiti, na sayo sabon kasko mai faɗi a kasuwa, na sa alamar gawayi kamar yadda Baba ya ce. Wajen ƙarfe 11 na dare na leƙa da fitilar waya na rufe ta da yatsa. Tana bakin kaskon, baki a cikin ruwa, muƙamuƙin yana motsi daidai yadda ya kwatanta. Na tsaya ko numfashin kirki ban yi ba har ta ɗaga kai. Ƙasan kaskon ba ɗigon komai, Likita. Saɓar wutsiyar ta fita rabi bayan jiƙo na farko, gobe da yamma in sha Allah zan sake jiƙa ta.