Tambaya kan kiwon kifin kulun a akwatin ruwan gishiri a Damagaram

Baban Nana, unguwar Birni

Assalamu alaikum. Shekara uku ke nan ina kiwon ƙananan kifayen ado na ruwan daɗi a akwatin gilashi mai cin lita 120, yanzu kuma raina ya biya ga kifin nan na teku mai ruwan lemo da ratsin fari uku, wanda masu sana'ar suke kira kifin kulun. Wani ƙanena da ke zirga-zirga tsakanin Damagaram da Kano ya ce zai iya kawo mini guda biyu, kuma mai sayarwar ya ce masa ƙyanƙyasar gida ne, ba kamun teku ba. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a kan abu biyu. Shin dole ne in sayo animon, wato halittar nan mai kama da fure da kifin yake kwanciya a cikinta? Sannan gishirin Bilma da muke samu a kasuwar Dole zai yi wajen haɗa ruwan?

Malam na Zango

Wa alaikumus salam, Baban Nana. Zan fara da maganar gishiri, domin a nan ne za ka iya yin asara tun kafin kifin ya iso. Gishirin Bilma, ko beza ko kantu, ba zai yi ba, haka ma gishirin miya. Ruwan teku yana ɗauke da kalsiyam da magniziyam da sauran sinadaran da ke riƙe ma'aunin tsaminsa tsakanin 8.1 da 8.4, kuma ba za ka same su daidai gwargwado ba sai a gishirin da aka haɗa musamman domin akwatin kifi. Ana son kimanin giram 35 na gishiri a kowace lita, wato 1.025 a na'urar awon gishiri, kuma ka sayi wannan na'urar kafin ka sayi kifi.

Animon kuwa ba dole ba ne. A teku kifin yana fakewa cikin hannuwanta masu harbi ne domin manyan kifaye ba sa iya kusantarta, shi kuma yauƙin jikinsa yana kare shi. A akwatinka babu mai farautarsa, kuma wanda aka ƙyanƙyashe a gida ya girma bai taɓa ganin animon ba, har wani lokaci akan sa masa ita ya ƙi kula ta, ya je ya tare a kusurwar gilashi ko gefen famfo, wato injin da ke juya ruwan akwatin. Ita ce ma mai wuyar riƙo, domin tana son haske mai ƙarfi da akwatin da ya yi aƙalla wata shida yana aiki, tana yawo har famfo ya tsotse ta, idan kuma ta mutu cikin dare sai ta ɓata ruwan baki ɗaya.

Ka yi daidai da ka nemi na ƙyanƙyasar gida. Ya saba da abincin gwangwani tun yana ƙarami, bai sha wahalar doguwar tafiya daga tekun Indonesiya ko Filifin ba, kuma bai cika zuwa da cutar fata da ake kira Brooklynella ba, wadda ta yi ƙaurin suna wajen kashe kamun teku cikin kwana kaɗan. Amma kada ƙanenka ya taho da shi yanzu. Ka zuba ruwa da yashi da duwatsu, ka bar famfo yana aiki mako huɗu zuwa shida, har bakteriya masu mayar da amoniya, wato gubar da ke fitowa daga kashin kifi, zuwa nitirit, sannan zuwa nitirat mai ƙarancin illa, su zauna. Sai awo ya nuna amoniya da nitirit sun koma sifili kafin kifi ya shiga.

Hajiya Maman Sani, Sabon Gari

Duk abin da Malam ya faɗa haka yake, sai dai bai taɓo abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya a garin nan ba, wato zafi da ɗaukewar wuta. Wannan kifi yana son ruwa tsakanin digiri 24 da 27, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafin gari yakan haura 40. Bara a tsakiyar bazara aka ɗauke wuta tun hantsi muna gidan biki, da muka dawo bayan la'asar na tarar ma'aunin zafi ya kai 33, famfo a tsaye, kifayen suna haki a saman ruwa. Ruwa mai zafi ba ya riƙe iskar shaƙa da yawa, ruwan gishiri kuma ya fi na daɗi ƙarancinta tun asali. Ɗaya ya mutu a daren, murjanin da na sha wahalar samowa, wato halittar teku mai rai da ke manne a kan dutse, kuma ya koɗe ya yi fari fat.

Tun daga nan na haɗa famfo da ƙaramar fanka a kan batirin sola, na kuma mayar da akwatin ɗakin da rana ba ta dukan bangonsa. Fankar da ke hura saman ruwa tana rage zafi da digiri biyu ko uku, amma tana ƙafar da ruwa sosai, musamman da iskarmu busasshiya ce. A nan mutane suke kuskure: ruwa ne yake tashi, gishirin yana nan, saboda haka abin da za ka cike gurbin da shi kullum ruwa ne marar gishiri, wanda aka tace da na'urar osmos mai cire gishiri da datti daga ruwa. Ruwan famfo ko na rijiya kai tsaye yana kawo gansakuka. Da hunturu kuma ka rufe saman akwatin da raga saboda ƙura, ragar za ta kuma hana kifin tsalle waje, sannan ka tanadi na'urar ɗumama ruwa domin sanyin asuba na watan Janairu.

Shawarata ita ce ka bar murjani sai ka ga yadda akwatin ya tsallake bazara ɗaya.

Ɗan Karkada

Hajiya, ina neman afuwa, ni ban ga laifin ya fara da murjani mai laushi guda ɗaya ko biyu bayan wata uku ba, domin suna da juriya fiye da masu ƙashi. Baban Nana, abin da zan ƙara shi ne ka roƙi a zaɓo maka ƙanana biyu, ɗaya ya ɗan fi ɗaya girma. Wannan kifi yana fara rayuwa ne a matsayin namiji, wanda ya fi ƙarfi sai ya rikiɗe ya zama mace, kuma ba ya komawa. Idan aka haɗa maka manya biyu da duk sun riga sun zama mata, faɗa za su yi har ɗaya ta halaka. Lita 120 ta ishi biyu, kada ka ƙara na uku.

Baban Nana, unguwar Birni

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na fasa animon, murjani kuma zan bi maganar Hajiya in jira damina ta faɗi. Saura yadda za a yi da tafiyar, tunda daga Kano zuwa nan ya kai kilomita 240, ga tsaye-tsayen kan iyaka.

Malam na Zango

A sa kowane kifi a ledarsa daban, kashi ɗaya ruwa kashi biyu iskar oksijin, a jera su cikin kula mai murfi, kuma ƙanenka ya kama hanya da asuba ya riƙe kular a cikin mota, ban da but. Idan sun iso ka kashe fitilar akwatin, ka ɗora ledojin a kan ruwa minti 20 domin zafinsu ya daidaita, sannan ka riƙa ɗiga ruwan akwatin cikin ledar kaɗan-kaɗan na kusan rabin awa. Daga nan ka kwashe kifin da ƙaramar koma, ka zubar da ruwan ledar a waje, kuma kada ka ba su abinci sai washegari.