Shafin 'Yan Sanda da Rigimar Kalmar "Ɓarayi"

Mai ƙorafi: Assalamu alaikum. Makonni uku ke nan da aka yi mini ƙwacen waya, na aika saƙo har sau huɗu ta shafin Facebook na 'yan sandan jiharmu, ban sami ko da "mun gani" ba, alhali kullum suna wallafa hotunan ɓarayi a tsugune gaban wuƙaƙe da wayoyi. A ganina waɗannan shafuka na talla ne, ba na sauraron jama'a ba.

Barista: Allah Ya mayar da alheri, Malam, amma ka janye kalmar "ɓarayi". Sashe na 36(5) na tsarin mulkin 1999 ya ɗauki duk wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai kotu ta tabbatar da laifinsa. Jihar Legas ma a 2021 ta haramta baje kolin waɗanda ake zargi.

Tsohon ɗan sanda: Barista, yaron da aka kama da wayoyin mutane a aljihunsa da wuƙa a ƙugunsa, malamin makaranta za mu kira shi? Shekara talatin na yi cikin kaki, na san ɓarawo idan na gan shi.

Barista: Ranka ya daɗe, irin wannan sanin ne ya jawo zanga-zangar EndSARS, har aka rushe SARS, rundunar 'yan sanda ta musamman mai yaƙi da fashi da makami, ranar 11 ga Oktoban 2020.

Hajiya: Kada a kawo mana zancen Kudu a nan. Ku lauyoyi ku ne masu karɓar kuɗi ku fito da 'yan daba beli, washegari su koma lungu da makamansu.

Barista: Hajiya, alƙali ne ke bayar da beli, kuma haƙƙin wanda ake tuhuma ne.

Hajiya: To, Allah Ya haɗa ka da su da daddare, sai ka karanta musu sashen.

Mai ƙorafi: Jama'a, ni maganar rashin amsa saƙo na kawo.

Shugaban zaure: A taƙaice, mafi yawanmu sun gamsu cewa wallafa hotunan nan yana razana ɓata-gari, kuma jami'anmu, waɗanda ƙanena yana cikinsu, sun cancanci addu'a. Barista ya kawo ra'ayin 'yan boko, mun ji. Malam, ka je ofishin 'yan sanda da ƙafarka ka shigar da ƙara. An rufe wannan batu.