Zan iya fara atisayen kwana 30 a gida alhali ɗanyen abinci kaɗai nake ci?

Maman Ilham ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar abinci da motsa jiki, domin na shiga wani tsari, ina kuma son in ɗora masa wani, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Shekaruna 34, ina koyarwa a wata makarantar firamare a nan Kano, 'ya'yana uku, kuma na yaye ƙaramar tun bara. Yau makonni shida ke nan da na daina cin nama da kifi da ƙwai da nono da duk abin da ya fito daga jikin dabba, sannan na daina cin duk abin da ya hau wuta, har tuwo da shinkafa da wake. Da safe gwanda da ayaba da kankana nake sha, da rana in yanka kabeji da karas da kokwamba da tumatir in matsa lemon tsami, da daddare kuma in sha kunun aya da na markaɗa da dabino da kwakwa. Nauyina ya sauko daga kilo 78 zuwa 73, kumburin cikin da ya daɗe yana damuna ya tafi, kuma gaskiya na ji daɗin hakan ƙwarai.

Yanzu ni da abokan aikina uku mun yi alkawarin fara atisaye a gida na kwana 30 a jere, kowacce a ɗakinta bayan sallar asuba, muna tura wa juna rahoto a WhatsApp. Tsarin shi ne tsallen igiya na minti goma, sai tsuguno da miƙewa sau 30 a ranar farko, kullum a ƙara goma, sai kuma kwanciya rub da ciki a riƙa ɗaga jiki da hannuwa, babu ranar hutu ko ɗaya. Abin da ya sa nake tambaya shi ne, kwanan nan idan na miƙe daga zaune da sauri nakan ji jiri, kuma sanyi yana shigata fiye da da. Shin zan iya haɗa abubuwan nan biyu? Idan zan iya, me ya kamata in ƙara a cikin abincin ba tare da na koma dafaffe ba?

Ummu Yasir ta amsa:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Aikina ke nan a asibiti, tsara wa marasa lafiya abinci, don haka ki yi haƙuri idan na tsawaita. Kin kyauta da kika tambaya kafin ki fara, domin jirin nan da jin sanyin nan jikinki ne yake gaya miki cewa abin da yake samu bai kai abin da yake kashewa ba, tun ma kafin ki ɗora masa tsallen igiya.

Bari mu yi lissafi da abin da kika ce kina ci. Mace mai kai-kawo irinki tana buƙatar kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki, wajen 2,000 a rana. Giram 100 na kankana kalori 30 ne kacal, na kabeji 25, na ayaba kusan 90. Wato da kankana kaɗai za ki rayu, sai kin sha kusan kilo bakwai a wuni. Kayan lambu da 'ya'yan itatuwa ruwa da dusa ne suka fi yawa a cikinsu, shi ya sa ciki yake cika ƙoshi ya zo, alhali ƙarfin da ya shiga jiki kaɗan ne. Aya da dabino da kwakwar nan ta dare su ne suke riƙe da ke. Sai batun furotin, wato sinadarin gina jiki. Mutumin da ba ya wani atisaye yana buƙatar giram 0.8 a kan kowane kilo na nauyinsa, mai atisayen ƙarfafa tsoka kuwa ana ba shi shawarar giram 1.2 zuwa sama. A nauyinki na kilo 73, hakan ya kama kusan giram 88 a rana. Ayaba giram ɗaya da ɗoriya take da shi a cikin kowane giram 100, kankana ma ba ta kai haka ba. Idan kika matsa wa tsoka da aiki ba ki ba ta abin gini ba, jiki zai koma cin tsokar kansa, sikeli ya nuna nauyi yana raguwa kina murna, alhali ba kitse kaɗai ne yake tafiya ba.

A cikin abin da ake iya ci ɗanye a ƙasarmu, gyaɗa ce kan gaba, giram 25 na furotin a cikin giram 100, wato kimanin cikin gwangwanin madara ɗaya, sai riɗi mai wajen giram 18. Su ma da sharaɗi: ki tsince gyaɗar sosai, ki zubar da duk wadda ta yi fumfuna ko ta canja launi ko take ɗaci, saboda gubar afalatoksin da ke lalata hanta. Amma ainihin abincin da talakan ƙasar nan yake gina jiki da shi ba tare da nama ba wake ne da waken suya, kuma waɗannan ba a cin su ɗanye. Suna ɗauke da sinadaran da ke hana jiki narkar da furotin, suna kuma sa amai da gudawa, wuta ce take karya su. Haka rogo, musamman mai ɗaci, akwai gubar sayanaid a cikinsa, sai an jiƙa an dafa. Na ga wasu suna tsirar da hatsi da iri a cikin jiƙaƙƙen ƙyalle su ci tsiron ɗanye. A nan ma ina jan kunne, domin ɗumi da damshin da iri yake so don ya tsira su ne ƙwayoyin cuta suke so. A shekarar 2011 an yi annobar ƙwayar cutar E. coli a Jamus wadda ta kashe fiye da mutum 50, kuma bincike ya kai ga ɗanyen tsiron hulba.

Akwai wani bincike da aka yi a Jami'ar Giessen ta Jamus, aka wallafa a 1999, a kan mutanen da suka daɗe suna cin ɗanyen abinci. An tarar kusan kashi 30 cikin ɗari na matan da ba su kai shekara 45 ba al'adarsu ta rikice ko ta ɗauke gaba ɗaya, kuma abin ya fi tsanani ga waɗanda ɗanyen ya fi yawa a abincinsu. Wani binciken da aka yi a Amurka a 2005 ya nuna ƙasusuwan masu wannan tsari ba su kai na sauran mutane ƙwari ba. Ke mace ce mai haihuwa uku, kuma ƙarancin jini ya riga ya yi yawa a tsakanin matanmu. Ra'ayina ƙarara shi ne: barin nama zaɓinki ne, ana iya rayuwa lafiya a haka idan an tsara, amma barin dafaffen abinci gaba ɗaya ba shi da wata fa'ida da ilimi ya tabbatar wadda ta kai wannan kasada. Wasu abubuwan ma, irin su tumatir da karas, jiki ya fi cin moriyarsu idan an dafa su da ɗan mai.

Baban Khalifa ya amsa:

Malama, ni ɓangaren atisayen zan taɓa, domin na shekara da shekaru ina horar da matasa ƙwallo a unguwarmu. Tsarin da kuka ɗauko yana da gyara ko da tuwo da nama kike ci sau uku a rana. Idan kika fara da 30 kina ƙara goma kullum, ranar ƙarshe sau 320 za ki tsuguna, kuma gwiwar da ba ta saba ba ba za ta kai ki can lafiya ba. Tsoka ba lokacin aiki take ƙaruwa ba, lokacin hutu take gyara kanta, shi ya sa ba na barin yarana su matsa wa gaɓa ɗaya kwana biyu a jere. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta ga baligi shi ne minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, kamar tafiya da sauri, da kuma atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Ba ta ce kullum ba.

Da ƙanwata ce ke, cewa zan yi ki yi kwana uku a mako, Asabar da Litinin da Laraba misali, tsuguno sau goma kashi uku da hutun minti ɗaya a tsakani, ɗaga jiki kuma ki fara da jingina hannuwa a bango kafin ki sauka ƙasa. Sauran ranakun ki zaga tsakar gida ko ki taka zuwa makaranta. Tsallen igiya ki jinkirta shi zuwa mako na uku, kuma kada ki yi shi a kan siminti ba takalmi. Amma duk wannan sai bayan jirin ya tafi, domin mai jin jiri a tashi daga zaune ba ta da dalilin yin tsalle da sassafe cikinta babu komai. Abu ɗaya kuma da nake son ku huɗun ku sani: idan bayan atisaye mai tsanani cinyoyi suka kumbura da ciwon da ya wuce misali, fitsari ya koma launin baƙin shayi, a tafi asibiti a ranar, domin alama ce ta tsoka tana narkewa, kuma tana iya taɓa ƙoda. Sababbin farawa masu gasa da juna ne abin ya fi kamawa, balle a zafin Maris da Afrilu.

Anti Maman Walida ta amsa:

Ƙanwata, ni na yi wannan tsarin wata biyar, don haka ba labari aka ba ni ba. Ba zan ce ba shi da amfani ba, kuma a nan na ɗan saɓa da Ummu Yasir, domin shi ne ya raba ni da lemon kwalba da soye-soye da cin dare, abin da na yi shekaru ina fama na kasa. Wata biyun farko jikina sakayau. A wata na huɗu ne gashina ya fara zuba a mataji, al'adata ta tsallake, ga kasala har hawa bene ya zama aiki. Ga kuma ɗawainiya, kullum ina hanyar kasuwar 'Yankaba ko ta 'Yan Lemo, kuɗin cefanena ni kaɗai ya kusa kamo na gidan gaba ɗaya, kuma duk gidan suna ko biki da na je sai an ɗauka fushi nake da masu gida.

Abin da na koma yi, kuma yau shekara biyu ina kai, shi ne ɗanye da safe, rabin farantin rana ma ɗanyen ganye, amma akwai dafaffen wake ko alala ko awara ko kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli a kowace rana. Da wannan nake atisayena ba jiri ba kasala, kuma nauyin bai dawo ba. Sannan ki kula da wanki sosai, domin wasu lambunan bakin gari da ruwan kwata ake ban ruwansu, kuma wanda ba ya dafawa ya cire wa kansa babbar kariya daga taifot da kwalara da tsutsar ciki. Ki wanke ganye ɗaya bayan ɗaya da ruwa mai tsabta, abin da ake ferewa ki fere, kuma ki bar sayen yankakkiyar kankana ta bakin titi.

Maman Ilham ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti, maganar gashi ta taɓa ni, domin na fara ganin hakan a makon nan ban kawo komai a raina ba. Na yanke shawarar dawo da wake da awara da kunun gyaɗa, zan kuma nuna wa abokan aikina tsarin Baban Khalifa. Amma Ummu Yasir, ina son in ci gaba da barin nama da ƙwai da nono zuwa wani lokaci, ba don ina ganin haramun ba ne, sai don cikina ya fi samun sauƙi a haka. Akwai abin da zan rasa ko da na dawo da dafaffen wake?

Ummu Yasir ta sake amsawa:

Akwai, 'yar'uwa, bitamin B12. Babu shi a wake ko gyaɗa ko zogale ko wani tsiro da za a dogara da shi, daga abincin dabba yake zuwa. Abin da baligi yake buƙata kaɗan ne, maikurogiram 2.4 a rana, kuma hanta tana ajiye na shekaru, shi ya sa mutum yake daɗewa bai ji komai ba, sai daga baya jini ya ragu, ƙafafu da hannuwa su riƙa sagewa, mantuwa ta shigo, wani lahanin jijiyar ma ba ya gyaruwa idan an makara. Muddin kin bar nama da ƙwai da nono, dole ki riƙa shan ƙwayarsa, ana samunta a kantin magani kuma ba ta da tsada. Sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye ma jiki ba ya zuƙarsa kamar na nama, don haka ki haɗa shi da lemo ko tumatir ko gwaiba, ki kuma nisanta shan shayi daga lokacin cin abinci da kamar awa ɗaya.

Kafin ki fara atisayen, ki je a auna miki yawan jini da hawan jini da sukari, ki gaya wa likita ainihin abin da kike ci a makonni shidan nan, har da jirin da zubar gashin. Idan akwai yiwuwar juna biyu a duba wannan ma, domin idan akwai ciki tsarin duka zai canja. Ki ba jikinki mako biyu yana samun wake da gyaɗa da ɗan gero ko dawa, idan jirin ya ɗauke kuma gwajin ya yi kyau, sai ki fara da kwana ukun da Baban Khalifa ya tsara, ki ɗan ci ayaba ko dabino uku kafin ki soma, ki karya da ƙosai ko alala bayan kin gama.