Shin hasken leza yana ƙara wa tangaran ƙarfin kama titaniyam?

Tambaya:

Assalamu alaikum, malamai da abokan sana'a. Aikina haɗa haƙoran roba da hulunan haƙori, kuma a 'yan watannin nan sau biyu ana dawo mini da hular da na gina kan titaniyam, tangaran ɗinta ya ɓamɓare ya bar ƙarfen fili, alhali na fesa masa garin alumina, wato gari mai tauri da ke sa fuskar ƙarfe kaushi, kafin gashi kamar yadda aka saba. Na ji ana cewa idan aka sassaƙa fuskar ƙarfen da leza, kamun yakan fi ƙarfi. Shin hakan gaskiya ne, ko kuwa matsalata tana wani wurin dabam?

Amsa ta farko:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka je ga leza, ka fara duba zafin tanderunka, domin yawancin ɓamɓarewar nan daga can take farawa. Titaniyam ƙarfe ne mai kwaɗayin iskar oksijin, kuma da zarar zafi ya haura digiri 800 a ma'aunin Celsius sai ɓawon oksayid da iskar ke haifarwa a fuskarsa ya yi kauri, ya daina riƙe ƙarfen da ke ƙarƙashinsa, ta yadda tangaran yakan manne wa ɓawon sosai, amma ɓawon ya tashi da shi gaba ɗaya. A wajen digiri 882 ma tsarin ƙarfen kansa yake sauyawa. Shi ya sa ake amfani da tangaran na musamman mai narkewa a ƙaramin zafi, wanda yanayin buɗewarsa a zafi da tsukewarsa a sanyi ya dace da na titaniyam. Ka dubi cikin guntun da ya ɓalle: idan ka ga launin toka mai duhu manne da shi, to ɓawon ne ya ci amanarka.

Amsa ta biyu:

Na yarda da bayanin ɗan'uwa, sai dai leza na da nata amfanin da bai kamata a raina ba. Feshin alumina yakan bar ƙwayoyinsa a nitse cikin titaniyam saboda taushinsa, kuma kaushin da yake samarwa ya danganta da hannun mai feshin. Leza kuwa, irin wadda ake kira Nd:YAG, tana haƙa ƙananan ramuka ko layuka masu tsari waɗanda narkakken tangaran zai shiga ya kama, ba tare da ta bar baƙon abu a fuskar ba. Haɗarinta shi ne ita ma zafi ce: idan ƙarfinta ya yi yawa, takan narkar da fuskar, ta bar tsage-tsage ƙanana da sabon ɓawo mai gautsi, musamman idan ba a lulluɓe wurin da iskar agon mai kare ƙarfe daga oksijin ba. A ganina, leza ta fi feshin alumina ɓarna a hannun wanda bai daidaita ta ba.

Amsa ta uku:

Malam, shawarata ita ce kada ka gwada a bakin majinyaci. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 9693 ta sa megafaskal 25 (ma'aunin matsi) a matsayin mafi ƙarancin ƙarfin kamu, ana auna shi ta hanyar lanƙwasa siririn ƙarfe mai ɗauke da tangaran har ya fara rabuwa. Ka shirya samfura kashi biyu, na feshi da na leza, ka gasa su a tanderu ɗaya, a kai su ɗakin gwaji.

Mai tambaya:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Na duba guntun, cikinsa baƙi-baƙi ne, don haka tanderun zan fara aunawa.