Na saka tsohuwar da wani ya ƙirƙira a littafin zanena, yanzu ya ce in janye

Ɗan Nima:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kwana biyu ke nan ban runtsa ba. Tun ina ƙaramar sakandare nake zane a bayan littafin lissafi, har marigayi Baba ya taɓa ƙona min guda biyu. Bayan rasuwarsa na koma shagon kawuna na gyaran waya a Circle. In na dawo da daddare sai in zauna kan benci a ƙofar gida, in jingina waya da kofi tana haska min takarda. Wata bakwai na yi ina haɗa labari mai shafi 24: Spider-Man ya sauka a Nima, zarensa ya harɗe da wayoyin lantarki, wata tsohuwa mai koko da ƙosai ta ɓoye shi a bayan tukunyarta. Tsohuwar ba tawa ba ce. Wani yaya mai zane a Kumasi ne ya ƙirƙiro ta, yana saka ta a Facebook, mai haƙorin zinariya ɗaya da jan mayafi. Na rubuta sunansa a bangon baya. Na ranci sidi 1,500 wajen kawu na buga kwafi 200, da niyyar in kai bikin zane-zane na Chale Wote a Accra watan Agusta. Shekaranjiya mai zanen ya turo saƙo, wai in janye ko mu haɗu a kotu. Don Allah yaya zan yi?

Hajiya, Maamobi:
Wa alaikumus salam ɗana. Ka tambaye shi kafin ka buga? Kuma ka sayar da nawa?

Ɗan Nima:
Hajiya na taɓa rubuta masa cewa ina son tsohuwar, ya amsa da alamar zuciya. Ni a wajena hakan yarda ce.

Malam, Asawase:
Ƙanina, shekara 20 na yi a maɗaba'a, ka saurare ni. Alamar zuciya ba izini ba ce. Sunansa a bango ma ba izini ba ne. Dokar haƙƙin mallaka ta Ghana, mai lamba 690 ta shekarar 2005, ta ba mai zane haƙƙin aikinsa duk tsawon rayuwarsa, da ƙarin shekara 70 bayan mutuwarsa. Ba sai ya yi rajista a ofishin haƙƙin mallaka da ke Accra ba, ranar da ya gama zanen ya zama nasa. Kuma kana ta maganar tsohuwa ka manta da babban. Spider-Man na kamfanin Marvel ne tun 1962, kamfanin Disney ya saye Marvel a 2009. Mutanen Disney ɗin nan a 1989 sun sa makarantun rainon yara uku a Florida goge zanen su Mickey Mouse da ke jikin bangonsu. Mickey na farko da aka yi a 1928 sai a 2024 ya fita daga hannunsu a Amurka.

Mai fenti, Aboabo:
Haba Malam, kar ka tsorata yaro. Motoci nawa da shagunan aski nawa na zana wa Spider-Man a garin nan? Ba wanda ya taɓa zuwa. Ɗan'uwa ka canja kalar mayafin, ka cire haƙorin, shi ke nan ta zama taka.

Malam, Asawase:
Ba ta zama tasa ba. Muddin mai kallo zai gane ita ce, kwafi ne.

Hajiya, Maamobi:
Ni dai abin nan ya taɓa ni. Na yi sati uku ina tsara wani ɗinkin wuyan riga na Sallah, wata da na koya wa aiki a shagona ta ɗauki hotonsa ta kai wani wuri aka yi mata rututu, tana sayarwa rabin kuɗina. Da na yi magana sai cewa ta yi ai girmama ni ta yi. Har yau in na ga rigar a jikin mutum a tasha gabana faɗuwa yake. Ko gaisuwa ba ma yi.

Ɗan Nima:
Hajiya ni ba haka na yi ba. Labarin nawa ne, kowane shafi da hannuna na zana. A Japan ma akwai kasuwar da ake ci sau biyu a shekara a Tokyo, matasa na sayar da littattafan da suka yi da jaruman wasu, ba a kama kowa.

Malam, Asawase:
Can kamfanonin ne suka ga dama suka kau da kai. Naka mutumin bai kau da kai ba. Ka ajiye kwafin 200 ɗin nan, kar ka ƙara sayar da ko ɗaya.

Wata ɗaliba, Madina:
Yaya, me zai hana ka hau mota ka je Kumasi ka same shi? Ka ba shi haƙuri, ka ce ku raba riba, a rubuta a takarda. Spider-Man kuma ka mayar da shi Gizo ko Ananse, tunda namu ne.

Malam, Asawase:
Zuwa Kumasi yanzu amsa laifi ne, ya fara ganin lauya. Ananse ɗin ma ba banza yake ba. Dokar nan ta ɗora al'adun gargajiya a hannun Shugaban Ƙasa a madadin jama'a, mai son kasuwanci da su sai ya nemi izinin hukumar al'adun gargajiya ta ƙasa ya biya, ko da ɗan ƙasa ne.

Mai fenti, Aboabo:
Lauya da wane kuɗi? Yaron da ake bin sa 1,500?

Ɗan Nima:
Na gode muku duka. Amma in na cire tsohuwar labarin ya mutu, tana cikin shafuka 17 daga cikin 24. Ni ma ai talla nake masa, mutum biyar sun tambaye ni inda za su same shi. Kawu kuma ƙarshen wata yake son kuɗinsa.

Hajiya, Maamobi:
Ɗana har yanzu ba ka faɗa mana nawa ka sayar ba.